Zaren Fatsa a Ƙasan Teku da Mutanen da Ke Sauka Su Tarar da Shi



Sharhinmu na yau a kan zaren fatsa ne, wannan siririn zaren nailan mai santsi da ake ɗaura wa ƙugiya. Duk wanda ya taɓa zama a bakin kogi ya san shi, ya kuma san abin da ake yi idan ƙugiya ta maƙale a ƙasan ruwa. A ja, a sake ja, in ta ƙi fitowa a tsinke zaren a ɗaura sabuwa. Ga mai fatsa magana ta ƙare ke nan. Amma akwai wasu mutane da a nan tasu maganar take farawa, wato masu nutso da tukunyar iska a baya, waɗanda ke sauka mita 20 ko mita 30 cikin teku su tarar da abin da na sama ya manta da shi tun da daɗewa.

Wannan irin nutso ba tsohon abu ba ne. A shekarar 1943 wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan, suka haɗa na'urar da ke ba mutum iska daga tukunya daidai da matsin ruwan da yake ciki, har ya iya yawo a ƙasan teku ba tare da wani bututu ya haɗa shi da jirgi ba. Shi ma zaren nailan kusan tsarar wannan na'ura ne. Kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro nailan a 1935, ya fara sayar da zaren kamun kifi da aka yi da shi a 1939, sannan a 1959 ya fito da samfurin Stren mai laushi, wanda masu fatsa suka yi rububinsa. Kafin nan da auduga ko siliki ko zaren tsirrai ake kamun kifi, kuma idan irin wannan ya ɓace a ruwa ruɓewa yake yi, ruwa ya cinye shi. Nailan ba ya ruɓewa haka. Ƙiyasin da hukumomin kula da teku suka fi ambata shi ne zai iya kai shekara 600.

Duk abin da ya sa masunci ke son wannan zare, shi ne ya mai da shi masifa bayan ya bar hannunsa. Yana da ƙarfi don kada kifi ya tsinke shi, don haka kunkurun teku ma ba zai iya tsinke shi ba. An yi shi garai-garai don kada kifi ya gan shi, don haka mai nutso ma ba ya ganinsa sai ya ji an riƙe masa ƙafa. Yana da arha, don haka ba wanda ke jin zafin asararsa.

Nawa ne ke ɓacewa? A shekarar 2022 wasu masana a Ostareliya, ƙarƙashin jagorancin Kelsey Richardson, sun fitar da sakamakon tambayoyin da suka yi wa masunta 451 a ƙasashe bakwai. Lissafinsu ya nuna cewa kusan kashi 2 cikin 100 na kayan kamun kifi na duniya na salwanta a teku kowace shekara. A ciki akwai igiyar mamari, wato doguwar igiyar nan mai ɗauke da ƙugiyoyi jere, kimanin kilomita 740,000, tsawon da zai zagaye duniya fiye da sau 18, da ƙugiyoyi kusan biliyan 14. Wannan fa na masu kamun kifi don kasuwanci ne. Ba a sa miliyoyin mutanen da ke tsayawa a bakin gaɓa ranar hutu suna jefa fatsa don nishaɗi ba, kuma nasu zaren ne mai nutso ya fi cin karo da shi, domin duka biyun wuri ɗaya suke so, wurin duwatsu da murjani da tsofaffin jiragen da suka nutse, inda kifi ke taruwa.

Mu je tsibirin Oahu na Hawai, a tsakiyar tekun Fasifik. Murjani, mai sauraro, kada ka ɗauke shi dutse kawai. Ƙananan halittu ne masu rai, dubbai a haɗe, da ke gina wa kansu gida mai tauri, kuma a cikin rassan wannan gida ƙananan kifaye ke fakewa su girma. Wasu masana biyu, Yoshikawa da Asoh, sun duba wani wuri da masu jefa fatsa suka saba tsayawa a Oahu, suka wallafa abin da suka gani a 2004. Kashi 65 cikin 100 na curin murjanin da suka ƙirga akwai zare naɗe a jikinsa, kashi 80 cikin 100 kuma ko ya mutu gaba ɗaya ko wani sashensa ya mutu. Yadda abin ke faruwa ba wuyar ganewa. Dalmar da ke jikin zaren ta faɗa tsakanin rassa, zare ya naɗe, igiyar ruwa ta riƙa kai shi tana komo da shi dare da rana yana goge siririn naman da ke lulluɓe da murjanin, gansakuka ta kama wurin raunin ta mamaye. A tsibiran Fulorida ma, wani bincike da aka wallafa a 2005 ya gano cewa kashi 87 cikin 100 na tarkacen da aka tarar a ƙasan ruwan kayan fatsa ne.

A can Fulorida akwai ayu, ɗan'uwan wanda masuntanmu suka sani a Binuwai da Kwara. Zare kan naɗe masa hannu, ya riƙa shiga nama sannu a hankali har hannun ya kumbura, wani lokaci ya guntule. Kunkurun teku da huhu yake numfashi, dole ya taso ya shaƙi iska, to idan zare ya ɗaure shi da dutse a ƙasa, nutsewa yake yi ya mutu a cikin ruwan da ya rayu a ciki. Kwasakwasa takan tashi da ƙugiya a fiffike tana jan zare, ta sauka a bishiya, zaren ya sarƙe a reshe, a tarar da ita a rataye. Kuma mutuwar ba ta tsayawa a kan guda. Kifin da ya mutu a ƙugiyar da aka yar yakan jawo wani ya zo ci, shi ma ya sarƙe.

To, mai nutso ya sauka ya tarar da wannan zare. Me zai yi?

Kafin a yi maganar tsaftace teku, sai a yi maganar ransa, domin lissafin mutum a ƙarƙashin ruwa ba irin na tudu ba ne. Kowace mita 10 da ya sauka, matsi na ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya ɗungurungum. A mita 10 ya ninka sau biyu, a mita 30 sau huɗu. Ma'ana, iskar da za ta ishe shi awa guda a saman ruwa, a mita 30 minti 15 za ta yi masa, in ma hankalinsa kwance yake. Idan tsoro ya shige shi numfashi ya ƙaru, abin ya ragu sosai. Ga kuma wani agogon na biyu. Jikinsa na shan iskar naitirojin muddin yana ƙasa, kuma jadawalin ƙungiyar horar da masu nutso ta PADI ya ba shi minti 20 kacal a mita 30 idan yana so ya taso kai tsaye. In ya wuce haka, ko ya taso a guje, iskar nan ta yi kumfa a jininsa da gaɓoɓinsa, abin da ke kai wa ga shanyewar jiki ko mutuwa. In kuma ya riƙe numfashi yana tasowa, iskar da ke cikin huhunsa ta buɗe ta yaga huhun. Saboda haka wanda zare ya kama ba shi da damar daɗewa, ba shi kuma da damar gudu.

Sannan zaren ba ya kama mutum a inda yake gani. Ya fi kama kan tukunya, a bayan ƙeya, ko maɗaurin takalmin iyo, ko wani abin da ke reto a jikin riga. Abin da zuciya ke fara ce wa mutum shi ne ya juya ya duba, kuma wannan juyawar ce babban kuskure. Ka ga akuyar da aka ɗaure a turke, in ta firgita ta shiga zagaye, kowane zagaye rage mata igiya yake yi har wuyanta ya manne da turken. Haka mai nutso yake da zaren da ya kama shi ta baya. Shi ya sa darasin da ake nanata wa ɗalibai tun ranar farko shi ne su tsaya cik, su daidaita numfashi, su yi tunani, sannan su motsa. Ya duba ma'aunin iska ya san nawa ta rage. Ya yi wa abokin nutsonsa alama, domin shi ke ganin bayansa, kuma abin da zai ci wa mutum minti biyar yana lalube abokin zai cire shi cikin daƙiƙa kaɗan. Sau da yawa ja da baya kaɗan ta hanyar da aka shigo ya isa ya saki zaren. In bai saki ba, a yanke. Cire riga da tukunya a ƙasan ruwa don a kwance su, wannan sai in komai ya ƙi, kuma sai ga wanda ya koya ya ƙware.

Batun abin yanka ya cancanci mu ɗan tsaya a kansa. Hoton da mutane suka saba gani shi ne na mai nutso da doguwar wuƙa ɗaure a ƙwauri. Ƙwararru da yawa sun bar wannan. Wuƙa na bukatar zare ya miƙe tsaf kafin ta ci, wato hannu ɗaya ya riƙe ɗaya ya yanka, ga shi in ƙafar ce ta sarƙe hannu ba ya kai wa ƙwaurin. Abin da suka fi yarda da shi almakashi ne irin na ma'aikatan agajin gaggawa, mai dakusasshen baki da ba ya huda riga ko bututun iska, da kuma wata ƙaramar reza da aka ɓoye cikin mariƙi mai lanƙwasa, wadda ake saƙalo zare da ita a ja da hannu ɗaya. Dalili shi ne zaren ba iri ɗaya ba ne. Akwai na nailan, akwai kitsattse mai taurin gaske da ke ba wuƙa wahala, akwai kuma wayar ƙarfe da ake sa wa kusa da ƙugiya saboda kifaye masu haƙori, wadda sai almakashi mai kyau. Ƙa'idarsu abin yanka biyu, a wurare biyu, a ƙirji ko a ƙugu inda kowane hannu zai iya kai wa. Ɗaya na iya suɓucewa ya faɗi, kuma a teku abin da ya faɗi ya tafi.

Yanzu ga tambayar da masu nutso ke muhawara a kai: idan zaren bai kama ka ba, ka dai gan shi ne shimfiɗe a kan murjani, ka ɗauke ko ka wuce?

Akwai masu cewa ba su suka zuba ba, kuɗi suka biya su zo kallon kifi, ba shara suka zo yi ba. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Mutanen da ke iya sauka wurin nan 'yan ƙalilan ne a duniya. Wanda ya yar da zaren ba zai taɓa ganinsa ba, hukuma ba ta san yana nan ba, kunkuru ba shi da hannun cirewa. Idan wanda Allah Ya kai shi wurin, da ido da hannu da almakashi, ya kau da kai, to zaren nan zai zauna har bayan jikokin jikokinsa. Mu da aka tarbiyyantar a kan cewa kawar da ƙaya daga hanya aikin lada ne, ba ma bukatar dogon bayani a nan.

Amma akwai ɗaya ɓangaren, masu zafin nama, waɗanda da sun hango zare sai su damƙa su fizga. Su ma ɓarna suke yi, wani lokaci ma fiye da ta zaren. Fizga ɗaya na iya karya reshen murjanin da ya yi shekaru yana girma. Wanda ya san aikin yakan bi zaren a hankali ya gano inda ya fara da inda ya ƙare, ya yanka shi gajere-gajere, ya zare kowane guntu ta inda ya fi sauƙi. Idan zaren ya daɗe har murjani ya girma ya haɗiye shi, ba a tono shi. A yanke abin da ke reto ta kowane gefe, a bar na cikin, domin halittar ta riga ta warke a kansa, tono shi sabon rauni ne. Ba a naɗe zare a yatsa ko a tafin hannu, ko da akwai safar hannu, saboda ba ka san abin da ke ɗaya ƙarshen ba. In igiyar ruwa ta ja, ko jirgi ya saƙalo shi, ko akwai kifi mai rai a ƙugiyar, zaren zai yanka har ƙashi, ko ya ja mutum. A naɗe shi a jikin wani abu, guntun itace ko robar ruwa, abin da za a iya saki nan take. Ƙugiya a yanke ta daban a jefa cikin gwangwani ko roba mai murfi, dalma ma a tsince ta. Kuma kada a bar zaren da aka tara yana yawo a jiki, a tura shi cikin jaka a rufe, in ba haka ba mutum ya ɗauko tarkonsa da kansa.

Wani abu da masu kyakkyawar niyya kan manta shi ne, ba kowane zare ne yasasshe ba. A ƙarƙashin gadojin da masu fatsa ke tsayawa, wani zaren akwai mutum riƙe da shi a sama, kuma idan ya ji motsi zai fizga da ƙarfi yana zaton kifi ne, ƙugiya ta shige hannun mai nutso. Haka gora ko tarkon da masunci ya ɗana jiya zai dawo gobe ya duba. Wannan dukiyar wani ce, abincin iyalinsa ne, kuma a ƙasashe da dama taɓa shi laifi ne a doka. Yasasshen zare yana da alamunsa, ya yi gansakuka, ya saki, ba ya tafiya sama. In mutum na shakka, ya bari, ya riƙe wurin a ransa, ya sanar da masu kula da ruwan bayan ya fito.

Haka nan babbar koma ko taru da ya lulluɓe jirgin da ya nutse. Wannan ya fi ƙarfin wanda ya zo yawon buɗe ido. Yana da nauyi, yana motsi da ruwa, kuma da an taɓa shi laka ke tashi a daina ganin komai. Wasu kan yi kuskuren hura wa rigarsu iska don su ɗago kaya mai nauyi. In kayan ya suɓuce, sai rigar ta harba su sama a guje, ga kuma abin da muka faɗa game da tasowa da gaggawa. Irin wannan aiki na ƙungiyoyi ne da suka horu a kansa, kamar Ghost Diving da Pascal van Erp ya kafa a ƙasar Holan, masu sauka da tsari, wani na yanka, wani na ɗaura jakunkunan iska da za su ɗaga komar, wani kuma ba ya taɓa komai, aikinsa kawai ya zuba ido a kan 'yan'uwansa. Wasu daga cikin komayen da suke fitarwa, ta hannun shirin Healthy Seas da aka fara a 2013, ana narkar da su a mai da su sabon zaren da ake saƙa safa da darduma.

Sai batun dabba mai rai da aka tarar a sarƙe, kuma a nan zuciya ta fi rinjayar hankali. A watan Janairun 2013, a gaɓar Kona ta Hawai, wasu masu nutso suna ƙasa da dare suna kallon manyan kifayen nan masu faffaɗan fiffike da ake kira manta, sai ga dabbar dolfin ta nufo wani malamin nutso mai suna Keller Laros. Ƙugiya ce a hannunta na iyo, zare ya ɗaure ta. Ta tsaya, ta juya masa wurin, ya shiga aiki. Da numfashi ya ƙare mata ta hau sama ta shaƙi iska ta dawo gare shi, har ya yanke zaren. An ɗauki hoton bidiyon abin, miliyoyin mutane sun kalla a intanet, kuma wanda duk ya kalla sai jikinsa ya yi sanyi.

Sai dai ina so a ajiye wani labarin kusa da wannan. Ranar 10 ga Yulin 2017, a mashigin tekun Saint Lawrence na Kanada, Joe Howlett, masunci ne da ya shafe shekaru yana kwance manyan dabbobin tekun nan da ake kira wel daga igiyoyin kamun kifi, ya gama yanke igiyar da ta ɗaure wata, dabbar ta yi wani motsi ta buge shi, ya rasu. Gwani ne, yana cikin jirgi, yana tare da abokan aiki. Dabbar da ke cikin azaba ba ta san mai ceto ba. Abin da ya faru a Kona ya yi daɗi ne saboda dabbar ce ta kawo kanta, ta kuma natsu. Ƙaramin kifi ko ƙaguwa da zare ya riƙe, a yanke a sake su. Kunkuru, in ana iya kai wa ba tare da an sa yatsa kusa da bakinsa ba, a taimaka masa, in ƙugiya ta shige ciki kuma kada a ja, a kira masu jinyar irinsu. Babbar dabba kuwa a ja da baya, a kira waɗanda aikinsu ke nan.

Bayan an fito ma da sauran aiki. Tun 2011 akwai shirin Dive Against Debris, wanda ke karɓar rahoto daga masu nutso a faɗin duniya, me suka tsinto, nawa ne nauyinsa, a ina, wace dabba suka tarar a ciki. Wani zai ga kamar ɓata lokaci ne a zauna ana ƙirga shara. A ganina wannan ƙirgar ta fi tsintar kanta tasiri. Jami'in gwamnati ba ya nutso, ba zai taɓa ganin murjanin da zare ya shaƙe ba. Abin da ke isa teburinsa takarda ce mai lamba, kuma da ita ake iya nuna masa cewa ga gaɓar da ke bukatar doka.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna. Duk yabon da za a yi wa masu nutso, kuma sun cancanci yabo, bai kamata ya rufe mana ido ba. Zaren da mai fatsa ya yanke cikin daƙiƙa ɗaya, sai mutum biyu sun sayi iska, sun hau jirgi, sun sa ransu a kasada kafin su fito da shi, kuma yawancinsu daga aljihunsu suke biya. Kamfanin da ya yi zaren ya ci ribarsa, mai kanti ya ci tasa, mai fatsa ya tafi gida da kifinsa, wahala ta faɗa kan wanda bai ci komai ba. Wannan rabo bai yi adalci ba, kuma ko da kowane mai nutso a duniya zai duƙufa, ba za su kamo abin da ake zubawa ba. Yawancin teku ma ya fi zurfin da ɗan'adam ke iya kai wa, tunda iyakar mai nutson nishaɗi mita 40 ce.

Dokoki kuwa akwai su. Tun ƙarshen 1988 yarjejeniyar MARPOL ta hana jiragen ruwa zubar da duk wani abin roba a teku, har da igiya da koma. A 2018 ƙasashe suka amince, a ƙarƙashin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da ƙa'idojin sa wa kayan kamun kifi alama don a san mai su, sai dai ƙa'idojin na ganin dama ne, ba dole ba. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙananan matakai da suka yi aiki. A Fulorida hukumar kula da kifi da namun daji ta sa an kakkafa guntayen bututun roba a gadoji da wuraren sauke jirage, inda mai fatsa zai tura tsohon zarensa. 'Yan sa-kai su kwashe, a aika wa kamfanin Berkley a garin Spirit Lake na jihar Iowa, wanda tun 1990 yake narkar da shi a yi akwatunan ajiye ƙugiya da makamantansu. A Ingila, da aka gano dalmar masu fatsa ce ke kashe manyan tsuntsayen ruwan nan farare masu dogon wuya, sai aka hana amfani da yawancin ƙananan dalmomin a 1987, tsuntsayen suka farfaɗo. Kamun kifi kuma bai tsaya ba saboda wannan doka.

Mai sauraro na iya cewa ina ruwanmu da Hawai da Fulorida. Zaren nan shi ne dai ake sayarwa a kasuwanninmu, shi ne a hannun masunta a Tafkin Chadi da Kainji da Tiga, da shi ake saƙa komar da ta maye gurbin ta da. Masu sauraronmu a Ghana kuma sun san wani abu da ya fi wannan ciwo. Da aka kammala madatsar Akosombo a 1965, Tafkin Volta ya haɗiye dazuzzuka, kututturan itatuwan suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa har yau, koma na maƙalewa a jikinsu. Waɗanda ake turawa su kwance ta sau da yawa yara ne ƙanana, ba tukunyar iska, ba gilashin ido, ba almakashi, ba abokin da ke kallon bayansu, cikin ruwan da ba a ganin tafin hannu. Wasu komar kan riƙe su, ba sa fitowa. Idan baligi mai horo da kayan aiki yana tsoron zare ɗaya a mita 20, me za a ce da yaro mai numfashi ɗaya a ƙirji? Babu komar da kuɗinta ya kai ran yaro, kuma duk mai jirgin da ya tura ɗan wani cikin wannan hali ya san da haka.

Kirana ga sarakunan ruwa da shugabannin ƙungiyoyin masunta, ku da ake jin maganarku a bakin ruwa: ku hana tura yara kwance koma, ku ajiye buhu ko durom a kowace mashaya da kowace kwata inda za a riƙa zuba tsohon zare da yagaggiyar koma. Kai kuma ɗan'uwa mai fatsa, in ƙugiya ta maƙale, ka jawo iya abin da zai jawu kafin ka yanke. Wanda ya harɗe maka a hannu kada ka wurga shi ruwa ko ka bar shi a gaɓa, ka yayyanka shi gajeru, ƙasa da taƙi guda, ka sa a aljihu ka kai gida.